Idan Likita Ya Ce A Fito Da Jariri Kafin Lokaci: Jira, Tayar Da Naƙuda Ko Tiyata?

Cikin ƙanwata yana mako 33 ranar da ta ce mini kanta na sara kamar ana buga guduma, kuma tana ganin wasu taurari-taurari a idonta. Tun makon da ya gabata zobenta ya ƙi fita daga yatsa, mu kuwa muka ɗauka kumburin masu ciki ne. A wani ƙaramin asibiti na unguwarsu aka gwada jininta, ya hau 170 bisa 110, fitsarinta kuma ya nuna furotin. Mai asibitin ya ce a kawo kuɗi a yi mata aiki a daren nan. Surukarta ta ce sam, ciki bai cika wata tara ba, a karɓi magani a koma gida. Mijin yana tsaye da biro a hannu da takardar sa hannu a gabansa, ya rasa ta wa zai bi. Tambaya ɗaya na yi: in an fito da yaron yau, ina za a sa shi? Aka nuna mini wani ɗaki mai kwalbar ɗumama jarirai ɗaya, an lulluɓe ta da zanin gado, nas ɗin ta ce ta jima ba ta aiki.

A daren muka ɗauke ta zuwa babban asibiti. Aka yi mata allurar hana jijjiga, aka saukar da jinin, aka yi mata alluran ƙarfafa huhun jariri, bayan kwana biyu aka tayar mata da naƙuda. Ta haifi mace mai nauyin kilo 1.9, ta yi kwana tara a ɗakin jarirai aka sallame su. Tun daga lokacin na shiga bibiyar wannan al'amari, domin na ga yadda iyali ke yanke hukuncin rai biyu a tsaye a baranda, cikin ruɗani, ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

Wannan rubutu na waɗanda likita ya riga ya ce musu akwai matsala ne, galibi hawan jinin masu ciki ko fashewar faya kafin lokaci, kuma ana maganar a raba uwa da cikin. Hukunci na likitan da ya duba mai cikin ne. Amma mai sa hannu ya kamata ya san abin da yake sa wa hannu.

Da me za a auna?

Ma'auni na farko shi ne makon da cikin yake, kuma da mako ake lissafi, ba da wata ba. Mata biyu za su ce cikinsu wata bakwai, ɗaya tana mako 28, ɗayar tana mako 33, alhali tazarar da ke tsakanin jariransu kamar ta sama da ƙasa ce. Ɗan mako 28 nauyinsa wajen kilo ɗaya ne, huhunsa bai nuna ba. Ɗan mako 34 ya kan haura kilo biyu, kuma a daidai lokacin ne jariri ke fara iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran duk wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini. A ƙididdigarta, a ƙasashe matalauta fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka haifa kafin mako 28 suna rasuwa a kwanakin farko, a ƙasashe masu arziki kuwa waɗanda ke rasuwa ba su kai kashi 10 ba. Na mako 32 zuwa ƙasa, rabi ne ke rasuwa a ƙasashe matalauta, a can kuwa kusan dukansu suna rayuwa. Maganar da ake yawan yi cewa ɗan wata bakwai na rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi, ba ta da tushe. Kowane mako da jariri ya ƙara a ciki ƙarin ƙarfi ne, muddin cikin bai zame masa wurin haɗari ba.

A nan akwai wani tarko. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan fage ido bai san komai ba. Hoton cikin da aka yi a watanni uku na farko yana faɗin shekarun ciki da kuskuren da bai wuce mako ɗaya ba. Wanda aka yi a watannin ƙarshe kuwa kuskurensa na iya kai mako uku. Ke nan matar da ta fara awo a makare, aka ce mata tana mako 36, mai yiwuwa 33 take. Duk wadda ke da takardar hoton farko ta riƙe ta kamar katin banki, ta nuna wa duk likitan da zai yanke hukunci.

Ma'auni na biyu shi ne haɗarin uwa. Na uku, kuɗi, kuma a lissafa har da na ɗakin jarirai, wanda sau da yawa ya fi na haihuwar kanta. Na huɗu, sauƙi: wane irin asibiti ne zai iya, kwana nawa za a yi, wa zai zauna jinya. Na biyar, abin da zai biyo baya ga yaron da kuma haihuwa ta gaba.

Akwai na shida wanda a ganina ya rinjayi sauran, wato ɗakin da zai karɓi jaririn. Ƙididdigar da na kawo a sama ta nuna cewa yaro ɗaya, a mako ɗaya, zai rayu a wani wuri ya rasu a wani. Kafin a yi gardamar ruwan naƙuda ko wuƙa, a fara tambaya: akwai iskar oksijin? Akwai na'urar CPAP mai taimaka wa numfashi? In an ɗauke wuta da tsakar dare me ke faruwa? Akwai nas da ke kwana a ɗakin? Akwai fitilar ciwon shawara? Akwai bututun ba da nono ta hanci? Wanda ya ji kunyar yin waɗannan tambayoyi ya cuci ɗansa.

Zaɓi na farko: jira a gadon asibiti

Jiran da likitoci ke nufi ba komawa gida ba ne. Kwanciya ce a asibiti, ana gwada jini duk bayan awa huɗu ko makamancin haka, ana ɗibar jini a duba hanta da ƙoda da ƙwayoyin daskarar da jini, ana sauraron bugun zuciyar ɗa, kuma ɗakin tiyata a shirye yake ko da ƙarfe biyun dare.

Ga jariri, wannan zaɓi ya fi amfani kafin mako 34. A hawan jini mai tsanani, jiran kan samar da ƙarin mako ɗaya zuwa biyu, kuma ga ɗan mako 29 ko 30 wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wannan lokaci jariri na ƙara wajen giram 200 a kowane mako. Amma ba kullum ake cin riba ba. Wani bincike da aka buga a 2013 daga asibitocin Latin Amurka, kan mata masu hawan jini mai tsanani tsakanin mako 28 da 33, bai ga jiran ya rage mutuwar jarirai ba, sai ma ya ga ƙarin ɓallewar mabiyiya. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ingancin jira daidai yake da ingancin masu sa ido.

Idan faya ce ta fashe babu naƙuda, babu zazzaɓi, babu ruwa mai wari, jira ya fi samun goyon baya. Ana ba da eritromaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana goma, a rage sa hannu wajen dubawa, a riƙa gwada zafin jiki. Binciken PPROMT na 2016, wanda ya ƙunshi mata sama da 1,800 a ƙasashe 11 masu ciki mako 34 zuwa 36, ya nuna cewa gaggawar fito da jariri ba ta rage kamuwarsa da cuta a jini ba, kuma matsalar numfashi ta fi yawa a waɗanda aka gaggauta, kashi 8 cikin ɗari a kan kashi 5. Iyayen da suka jira kuwa sun ɗan fi samun zazzaɓi da zubar jini. A sani kuma, kusan rabin matan da fayarsu ta fashe da wuri naƙuda kan zo musu da kanta cikin mako guda, don haka ba a yin nesa da asibiti.

Haɗarin uwa a nan shi ne mafi girma idan hawan jini ne sanadi. Ciwon ba ya warkewa sai an haihu, maganin da ake ba ta yana danne shi ne kawai. Jijjiga, shanyewar ɓarin jiki, lalacewar ƙoda, ɓallewar mabiyiya, duk suna iya aukuwa cikin awanni. Ciwon kai da ba ya jin magani, dishi-dishin gani, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zubar jini, ko raguwar motsin ɗa, kowane ɗaya daga ciki ya isa ya kawo ƙarshen jiran.

Wajen kuɗi, jira yana ci a hankali: kuɗin gado, gwaje-gwaje, abinci, majinyaciya, yaran da aka bari a gida, kasuwar maigida da ta tsaya. Sai dai kwana ɗaya na uwa a gado ya fi kwana ɗaya na jariri a kwalba arha. Kuma in an yi nasara, ba ya barin tabo ga haihuwa ta gaba.

Awa 48 da ba a son a tsallake

Kafin mako 34, ko da an yanke shawarar a fito da jariri, in hali ya bari ana neman kwana biyu. A cikinsu ake yi wa uwa allurar deksametason, miligiram 6 duk bayan awa 12, sau huɗu, don huhun jariri ya yi saurin nuna. An gwada wannan a ƙasashe irin namu. Binciken ACTION-I na Hukumar Lafiya ta Duniya, da aka buga a 2020, an yi shi a asibitoci 29 a Bangaladash, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan, kan mata 2,852 masu ciki mako 26 zuwa 33. Mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa kashi 19.6 cikin ɗari. Allura ce mai arha, ana samunta kusan ko'ina.

Amma arharta ba ta mayar da ita ta kemis ba. A wani babban bincike da aka buga a 2015, an raba irin wannan allura a ƙananan cibiyoyi da ƙauyuka na ƙasashe shida inda ba a san makon ciki da tabbas ba, sai mutuwar jarirai ta ƙaru maimakon ta ragu, mai yiwuwa domin an yi wa mata da yawa da ba sa buƙata. Shi ya sa aka gindaya sharuɗɗa: a san makon cikin, a yi tsammanin haihuwa cikin kwana bakwai, uwa ba ta da alamar cuta a mahaifa, kuma akwai inda za a kula da jaririn.

A cikin awannin nan ne kuma ake ba da magnesiyam salfet. Binciken Magpie na 2002, kan mata sama da dubu goma a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Kafin mako 32 yana da ƙarin amfani na kare ƙwaƙwalwar jariri. Kuma a cikinsu ne ake samun damar sauya asibiti. Babu kwalbar da ta kai cikin uwa ɗumi a kan hanya. Jaririn da aka ciro a ƙaramin asibiti, aka naɗe a zani aka hau Keke Napep da shi ana yawon neman gado, kan isa jikinsa ya yi sanyi ƙalau, kuma sanyi na cikin manyan abubuwan da ke kashe bakwaini.

Zaɓi na biyu: tayar da naƙuda

Hanyoyin uku ne aka fi sani: ƙwayar misofrostol, ɗan bututu mai balan-balan da ake sa wa a bakin mahaifa don ya buɗe, da oksitosin a ƙarin ruwa, wanda mata ke kira ruwan naƙuda. Sau da yawa ana fara da ɗaya a bi da ɗaya.

Ga mai hawan jini da ta kai mako 37, maganar ba ta da ja: a tayar. Binciken HYPITAT na ƙasar Holan a 2009 ya nuna matsaloli ga uwa sun ragu daga kashi 44 zuwa kashi 31, kuma tiyata ba ta ƙaru ba. Inda ake kai ruwa rana shi ne tsakanin mako 34 da 37. A Holan ɗin dai, bincike na biyu a 2015 kan masu hawan jini marar tsanani ya ga cewa gaggawa ta ƙara wa jarirai matsalar numfashi, kashi 5.7 a kan 1.7, don haka suka karkata ga jira. Amma Holan wuri ne da mai ciki ke samun sa ido dare da rana. Da aka yi irin wannan tambaya a Indiya da Zambiya, a binciken CRADLE-4 da aka buga a 2023 kan mata 565 masu hawan jini da furotin a fitsari, sai aka ga shirya haihuwa daga mako 34 ya rage mutuwar ɗa a ciki da kusan kashi uku cikin huɗu, ya rage hawan jini mai tsanani, kuma bai ƙara wa jarirai illa ba. Asibitocinmu sun fi kama da na Zambiya fiye da na Holan. Ni dai da wannan sakamako nake tafiya: a wurinmu, in ciwon ya tabbata kuma an haura mako 34 da lissafi mai kyau, abin tsoro shi ne ɗan ya rasu a ciki ana jira, fiye da 'yan kwanakin da zai yi a ɗakin jarirai.

Naƙuda tana da wata fa'ida ga jaririn kansa, domin tana taimakawa wajen fitar da ruwan da ke huhunsa. Wanda aka ciro ba tare da naƙuda ba ya fi yawan haki a awannin farko.

Haɗarinta ga uwa yana cikin yawan magani. Adadin misofrostol da ake bayarwa don tayar da naƙuda maikrogiram 25 ne a lokaci guda, ita kuwa ƙwayar da ke kasuwa 200 ce, ninki takwas ke nan. A asibiti narkar da ita ake yi a auna da sirinji. Wadda aka ba ƙwaya sukutum a gida ko a kemis, ko aka buɗe wa ruwan naƙuda yana zuba babu mai ƙirga ɗigo, mahaifarta na iya matsewa ba hutu har numfashin ɗa ya yanke, ko ta fashe. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ta haihu biyar zuwa sama, kuma ba a ba da misofrostol sam ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. Ba a tayar da naƙuda idan ɗa ya kwanta a gicciye ko mabiyiya ta tare ƙofa.

Ba abu ne na awa biyu ba. Yakan ɗauki yini, wani lokaci kwana biyu, kuma yana iya ƙin ci a ƙare a tiyata, musamman in cikin bai kai mako 30 ba. Don haka ko wannan aka zaɓa, a yi shi inda ake iya yin aiki, a kuma tanadi jini da kuɗin ko-ta-kwana. In ya yi kyau shi ne mafi arha a cikin ukun, uwa ta miƙe washegari, mahaifa ba tabo.

Zaɓi na uku: tiyata

Tiyata ita ce amsa idan babu lokaci. Jini na zuba, bugun zuciyar ɗa na sauka, cibiya ta riga fitowa, ɗa a gicciye, mabiyiya a ƙofa, an yi aiki biyu ko fiye a baya, ko jikin uwa na lalacewa da sauri alhali bakin mahaifa a rufe gam. A irin wannan hali duk minti goma da aka ɓata ana neman kawu a waya don ya ba da izini, daga ran ɗan ake cire su. Ya kamata ma'aurata su gama wannan magana tun ranar da aka fara cewa jini ya hau, a san wa zai sa hannu in maigida ba ya gari.

Abin da tiyata ba ta yi shi ne ƙara wa huhu kwana. Ƙanƙantar jariri kaɗai ba dalilin yanka ba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a riƙa yi wa duk mai bakwaini aiki don kawai a kare shi ba.

Ga uwa, a nahiyarmu ba wasa ba ce. Wani bincike a ƙasashen Afirka 22 da aka buga a 2019 ya samu cewa kimanin mata 5 cikin kowace dubu da aka yi wa tiyatar haihuwa sun rasu, kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki, galibi saboda zubar jini da matsalar maganin barci. Mafi yawan ayyukan na gaggawa ne, kan matan da aka kawo a makare. Ke nan wannan adadi hujja ce ta zuwa da wuri, ba ta gudun wuƙa ba.

Ita ce mafi tsada. A asibitoci masu zaman kansu ana maganar ɗaruruwan dubban naira, ban da jini da magani. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya na Najeriya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi ta hannun hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, a asibitocin da aka tantance, don haka a tambaya tun wajen awo ko asibitin na ciki. A Nijar tiyatar haihuwa kyauta ce a hukumance tun 2005, a Gana kuma kula da masu ciki ya shiga inshorar ƙasa kyauta tun 2008. Ko ina ne dai, a riƙe wani abu a aljihu, kuma a zo da 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini.

Tabonta na daɗewa. Duk haihuwa ta gaba dole a asibiti mai ɗakin tiyata, kuma ana son tazara ta kusan shekara biyu. In cikin ƙarami ne sosai, wani lokaci dole a yanka mahaifa a tsaye, wanda ke nufin duk haihuwar gaba sai da aiki. Ga yarinya 'yar shekara 19 da ke cikin fari, wannan abin a saka a sikeli ne.

| Ma'auni | Jira a asibiti | Tayar da naƙuda | Tiyata |
|---|---|---|---|
| Amfani ga jariri | Babba kafin mako 34 | Babba daga mako 34 in hawan jini ya tabbata | Ceton rai in ana gaggawa |
| Haɗari ga jariri | Rasuwa a ciki, kamuwa da cuta | Galabaita in magani ya yi yawa | Haki a awannin farko |
| Haɗari ga uwa | Jijjiga, ɓallewar mabiyiya, zazzaɓi | Fashewar mahaifa in ba a sa ido ba | Zubar jini, maganin barci, ruɓewar ɗinki |
| Kuɗi | Yana taruwa kullum | Mafi arha in ya ci | Mafi tsada |
| Lokaci | Kwanaki zuwa makonni | Yini ɗaya zuwa biyu | Awa guda, jinya kwanaki |
| Wurin da ya dace | Mai gwajin jini da likita dare da rana | Mai ungozoma a kusa da ɗakin tiyata | Mai jini da ƙwararren mai ba da maganin barci |
| Haihuwa ta gaba | Babu tabo | Babu tabo | Tabo, sai a asibiti |

Bayan ya fito

Ko ta wace hanya ya zo, rabin aikin yana gaba. Abu mafi ƙarfi da uwa ke da shi ba ya cin ko kwabo: goyon ƙirji, fata da fata, wanda ake kira salon kangaru, aka faro shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978. A binciken da aka buga a 2021, wanda aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga, jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da aka ɗora a ƙirji nan take, ba a jira sun murmure a kwalba ba, mutuwarsu a kwana 28 na farko ta sauka daga kashi 15.7 zuwa kashi 12. Na ga ƙanwata zaune da 'yar a tsakanin ƙirjinta, an sa mata hula da safa kawai, an ɗaure da zani, ƙaramin bututu a hancinta, tana tatsar dakashi a ɗan kofi ana ba ta da sirinji. In ta gaji kakar yarinyar ke karɓa, surukar nan da ta ce a koma gida. A jinkirta wanka, kada a zubar da dakashi, kada a ba shi ruwa ko zuma ko jiƙo, a rage masu shigowa barka suna karɓarsa hannu zuwa hannu.

Wane ne ya dace da wa?

Wadda cikinta bai kai mako 28 ba, jikinta kuma bai nuna haɗari ba, jira ne nata, kuma a asibitin koyarwa ko makamancinsa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, ko Issaka Gazobi a Yamai. In kuwa ciwon ya tsananta a wannan mataki, ran uwa ake fara cetowa. Magana ce mai ɗaci, amma jiran da zai kashe ta ba zai raya ɗan ba.

Wadda ke tsakanin mako 28 da 34 da hawan jinin da magani ke iya riƙewa: a kwantar da ita, a yi alluran huhu, a jira ana sa ido, a haihu da an kai mako 34 ko da zarar alamar haɗari ta bayyana. In asibitin ba ya iya gwajin jini a kai a kai, gara a yi awa 48 ɗin a haihu, ko a sauya wuri tun ɗan yana ciki.

Wadda ta haura mako 34 kuma an tabbatar hawan jini ne mai haɗe da furotin: ta karɓi shawarar shirya haihuwa, ta fara da tayar da naƙuda in babu abin da ya hana. In hawan jini ne kawai marar tsanani, babu furotin, gwaje-gwaje lafiya, ana iya lallaɓawa zuwa mako 37, a nan kuma a tsaya.

Wadda fayarta ta fashe kafin mako 37 babu zazzaɓi: jira da magani a ƙarƙashin kulawa. Da zafin jiki ya tashi, ko ruwan ya yi wari, ko mara ta fara ciwo in an taɓa, a fito da shi ko a wane mako ne. In ta fashe bayan mako 37 naƙuda ta ƙi zuwa, a tayar, kada a kwana biyu a gida ana jiran ta zo da kanta.

Wadda ta yi jijjiga, ko jini ke zuba, ko bugun ɗa ya sauka: babu jira. A daidaita ta, a haihu ta hanyar da ta fi sauri, galibi tiyata.

Wadda ke ƙauye mai nisa da babban asibiti, aka ce mata jininta ya fara hawa: ta taho gari ta zauna wajen 'yan'uwa kusa da asibitin tun kafin abin ya taso, musamman da damina in hanya na yankewa.

Wadda kuwa lafiyarta ƙalau, ɗanta ƙalau, gajiya ce kawai ta ishe ta, ko ana so a haihu kafin Sallah, ko kafin maigida ya yi tafiya: ba a tayar da naƙuda ko yin aiki kafin mako 39 cikakku, kuma ko shi ɗin sai in hoton farkon ciki ne ya tabbatar da lissafin.